Shayin Randa da Kitsen Jinina

A shekarun farin nan da dabbobi suka ƙare a Damagaram, lokacin da ake hango haƙarƙarin mutum ta cikin rigarsa, ni ciwon ƙoshi ne ya kama ni. Na daɗe ban gaya wa kowa ba saboda kunya. Yanzu da na tsufa, kunyar ta ɗan ragu.

Ina aiki a wani biro na gwamnati a Zinder, ina buga takardu. Albashin ba shi da yawa, amma kowane wata yana zuwa, kuma a lokacin wannan kaɗai ya isa a kira mutum mai hali. Hatsi ya yi tsada, nama kuwa ya faɗi warwas, domin makiyaya suna ta sayar da dabbobinsu kafin su mutu a hannunsu. A bakin bironmu akwai wani mai balangu. Kullum da hantsi ina wurinsa. Dabbobin ramammu ne, amma nakan tsaya a kansa in nuna masa da yatsa inda ɗan kitsen ya rage. In na gama in bi da fanke, in kora da shayi zagaye uku, kowane zagaye da sukarin da zai iya tsayar da cokali.

Wata rana na hau ɗan tudun da ke hanyar Birni, sai na ji numfashina yana neman tsayawa. Na jingina da wani dutse ina haki. Wata tsohuwa ɗauke da itace ta wuce ni, ta waiwayo ta ce, "Sannu, bawan Allah, yunwar nan ba ta bar kowa ba." Na amsa da "Yawwa, Inna," ban gyara mata zance ba.

Washegari na tafi gidan likita. Na bi layi a bayan mata masu goye da jarirai da suka bushe kamar kara, ni kuma ina ta jan babbar riga don in rufe tumbina. Aka ɗebi jinina. Bayan kwanaki na koma, lokotoro ya zaunar da ni. Mutum ne siriri, marar son doguwar magana. Ya dubi takarda, ya dube ni, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci.

"Mushe, kitse ya yi yawa a jininka. Mu muna ce masa kolestarol. In ya taru yakan toshe hanyar jini. A watannin nan kai ne na farko da na ga mai wannan ciwo."

Na yi murmushi kamar an yaba mini. Shi bai yi ba.

Ya ce in bar kitse da soye-soye, in rage sukari, in riƙa tafiya a ƙasa. Na ce to shayi fa? Ya ce, "Shayi ba laifi, in babu sukari. Ana cewa ma yana ɗan taimakawa. Kaɗan fa. Ba magani ba ne." Na ce ai shayi ba sukari ɗaci ne zalla. Ya ce in jiƙa ganyen a ruwan sanyi mai tsabta, in bar shi wasu awoyi, ɗacinsa ba ya fitowa sosai.

Cikin duk abin da ya faɗa, "yana taimakawa" kawai na kawo gida. Kalmar "kaɗan" tun a ƙofar likita ta faɗi.

Matata ta yi murna da shawarar, amma ba don jinina ba. Gawayi ya yi wuya, kuma ta daɗe tana ƙorafin wanda nake ƙonawa a shayi. Ita ta samo mini kwalba ta wanke ta tas. Da asuba nakan zuba ganyen shayi cikin tafi ɗaya, in cika kwalbar da ruwan da ta riga ta tafasa na sha ya huce, in toshe bakin, in ɗaura mata igiya a wuya in zura ta cikin randa. Kafin in dawo da azahar ruwan ya yi launin ɗanyen haki. In tace da ƙyalle, in zauna a zaure in sha a hankali, da fuskar mai jinya. Gaskiya yana da daɗi. Sanyi, ɗan ƙamshi, babu wannan ɗacin mai kama harshe.

Balangu kuwa ban fasa ba. Har ƙarawa na yi, tunda a ganina akwai magani yana jirana a randa.

Ana haka kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya iso daga garin Dogo. Gonarsa ba ta ba da ko dami ɗaya ba, shanunsa sun mutu. Ya zo da matarsa da surukarsa da jikoki, da tabarmi da tukunya ɗaya. Bayan mako biyu wasu dangin suka biyo su. Gidanmu mai ɗaki uku ya cika har tsakar gida. Ba zan yi ƙarya in ce na tarbe su da farin ciki ba. Na tarbe su dai, don ba yadda za a yi ɗan 'yar'uwa ya rufe ƙofa.

Kwana uku da zuwansa, kawu ya je shan ruwa ya ga igiya. Ya jawo kwalbar ya ɗaga ta a rana.

"Kai, wane malami ya ba ka wannan?"

Na ce, "Kawu, shayi ne. Magani ne."

"Maganin me?"

Matata daga madafa ta ce, "Kawu, kitse ne ya yi masa yawa a jini."

Tsohon ya dube ni tun daga hula har takalmi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda har sai da ya dafa bango. Matarsa ta ce rabon da ta ji dariyarsa tun kafin shanun su fara faɗuwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Allah mai iko. Ɗana, in ciwon nan ana ɗauka, matso kusa da ni."

Daga ranar kowace azahar tare muke sha. Shi ya fi ni son sa ma, ya ce yana kashe ƙishirwa kuma yana rufe bakin ciki na ɗan lokaci.

Abin da ya faru bayan nan ban lura da shi ba sai daga baya. Albashina gaba ɗaya ya koma hatsi. Tuwon da muke ci mu biyu ya zama na tsakar gida guda, miyar kuka ce ba mai, wani lokaci ganyen tafasa ne da ɗan ƙuli. Mai balangu ya riƙa kirana ina ɗaga masa hannu daga nesa. Sau ɗaya na saya a ɓoye, na ci a bayan biro, na dawo gida na tarar da surukar kawu tana raba wa yaranta kunu da ludayi ɗaya. Ban sake ba. Mobilet ɗina, ɗan babur ɗin da nake hawa, na sayar na sayi dawa, na koma zuwa aiki a ƙasa. Ruwan famfo ya ɗauke a unguwarmu, kamar yadda ya saba a Zinder, ni da kawu muka riƙa ɗauko shi daga nesa.

Wandona ya fara zamewa. Tudun Birni na hau shi ina hira. Ni kuwa na tabbata aikin kwalba ne. A biro na zama mai wa'azin shayin randa. Na koya wa direba, na koya wa mai gadi, wanda ramarsa ta kai a ce iska za ta ɗauke shi, na yi masa bayanin yadda shayi ke narkar da kitse. Ya saurare ni da ladabi har ƙarshe.

Bayan wata shida na koma gidan likita da ƙafata da ƙwarin gwiwata. Lokotoro ya duba sabuwar takarda, ya ce kitsen ya sauka sosai.

Na ce, "Shayin nan ne, lokotoro. Ya kamata ku sanar da mutane a rediyo."

Ya ajiye alƙalami. "Har yanzu kana cin nama kullum?"

"A'a, rabona da shi an daɗe."

"Mobilet fa?"

"Na sayar."

"Mutum nawa ke ci a gidanka?"

Na fara lissafa masu suna da yatsu, yatsun suka ƙare ban gama ba. Ya ce, "To ka je ka gode musu. Shayin ma ka ci gaba, ba zai cuce ka ba."

Da na gaya wa kawu, ya ce tunda haka ne shi ne lokotoron, kuma ba zai karɓi ladan aiki ba.

Damina ta gaba ruwa ya sauka. Na samo musu iri, suka koma Dogo a bayan wata babbar mota. Kawu ya tafi da kwalba guda da ƙullin ganyen shayi, ya ce zai nuna wa mutanen garinsu abin da 'yan birni ke sha don kada ƙoshi ya kashe su. Gidan ya yi shiru har ba daɗi. Da kaka ya aiko mana da buhun gero da tulun man gyaɗa, tare da saƙo ta bakin direba cewa geron nawa ne, man kuwa na matata ne ita kaɗai, kada ta bari in kusance shi.