Fararen 'Yan Tsakin da Aminiyata Ta Kawo Mini

Edita, na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, ina cewa wata rana zan rubuto nawa, sai yau Allah ya nufa. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wadda zan yi magana a kanta tana nan da ranta.

A shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni ina cikin takaba a wani lungu na Gwale, da yara uku a gabana. Mijina baduku ne a kasuwar Kurmi, ya kwanta 'yar gajeruwar jinya ya cika. Gari ya ɗauki hayaniyar siyasa, rediyo ba ta da zance sai romon dimokuraɗiyya, ni kuwa ko ƙuli-ƙuli ban taɓa sayarwa ba. Mijina ya ɗauke mini komai, har ina yi wa mata masu sana'a kallon wahalallu. Bayan sadakar bakwai wan mijina, wanda muke kira Yaya, ya zaunar da ni a zaure ya ce za a raba yaran riƙo. Babban zai bi shi Kudu inda yake fataucin goro, ta tsakiya za ta tafi wurin goggonsu a ƙauye, autar kaɗai za a bar mini. Na yi kuka har muryata ta dishe. Yaya ba mugu ba ne, sai ya ce to, ya ba ni zuwa azumi. In ya dawo ya tarar ina da sana'ar da za ta ci da su, zai bar mini abina.

Ina da aminiya a Jakara wadda tun makarantar allo muke tare, ita ce babbar ƙawa ranar aurena. Ta yi shekaru tana kiwon kajin gidan gona, sai dai a lokacin ta ce mini annoba ta share mata akurki, ba ta da jarin sake zubawa. Ita ta kawo shawarar in yi kiwon masu ƙwai, ta ce in an fara yanzu, kafin azumi ƙwai ya zuba, kuma a azumi ba a kwantan ƙwai. Mai takaba ba ta yawon kasuwa, don haka komai ta hannunta ya bi. Na kwashe jerena kaf, samiru da tasoshin da mahaifiyata ta yi shekaru tana tara mini, na damƙa mata. Ita ta kai wa dillaliya, ita ta karɓi kuɗin, ita ta je sayen 'yan tsakin. Ban tambaye ta ko nawa aka saya ba, don a ganina tambayar ma cin fuska ce.

Ranar da ta shigo da kwalin mai huji-huji yana ta tsuwa, yarana suka yi ta tsalle. Da aka buɗe sai na ga 'yan tsakin farare ne masu ɗan ratsin ɗorawa, alhali na san nata na da jajaye ne. Na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce sabon iri ne, sun fi jajayen ƙwai nesa ba kusa ba, ita da kanta ta tsaya ta zaɓo mini. Na rungume ta ina hawaye, na yi mata addu'ar da ban taɓa yi wa kowa ba.

A ɗakin da marigayi yake ajiye fatu na zuba su. Na shimfiɗa ɓuntun shinkafa, na sa garwashi a kasko na kifa tsohuwar langa mai huda a kai, na ba su ruwan sukari kamar yadda ta koya mini. A hankali na gane halinsu: in suka cunkushe jikin kasko sanyi suke ji, in suka watse bango suna buɗe baki zafi ya yi yawa. Babban ɗana yana dawowa daga makaranta zai yar da jaka ya wanke musu mazubin ruwa, don ya san dalilin kiwon, ya ji lokacin da Yaya yake magana. Ranar da ɗaya ya mutu, ta tsakiya ta ƙi cin tuwo. Ci kuwa suna yi kamar fara ta sauka a gona. Da buhun abincinsu ya ƙare na fitar da zannuwan fitata aka sayar, na ce ai mai takaba ba ta ado.

Da suka tasa sai na ga ƙafafunsu suna ta tsawo, zankonsu ya yi jawur, kullum suna cikin dambe. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta leƙa ta ce waɗannan 'yan matan nawa sun cika faɗa, ita dai ba ta taɓa ganin sagara mai irin wannan wuyan ba. Na ji haushinta, na ɗauka hassada ce. Da na gaya wa aminiyata sai ta ce haka irin yake, tsohuwar kajin Hausa kawai ta sani. Wata asuba ina kan sallaya na ji wata shaƙaƙƙiyar murya daga ɗakin fatu, kamar ana jan ƙyauren da ya yi tsatsa. Cara ce. Aminiyata ta ce ba a rasa namiji ɗaya ko biyu a cikin kwali. Kafin mako ya zagayo ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, har masu wucewa masallaci suna tsokana wai lungunmu ya huta da neman ladan. An ce zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Nawa dai duka Allah ya nufe su, babu mace ko ɗaya. Daga nan ƙafar aminiyata ta ɗauke, sai saƙo wai zazzaɓi take yi.

Har a lokacin ban zarge ta ba, na ɗauka ita ma cutarta aka yi a wurin saye. Da na fita takaba na shiga zagayen yi wa mutane godiya kamar yadda aka saba, gidanta na fara zuwa, har da ɗan lemon dubiya a hannuna. Na yi sallama na shiga, sai na ji kukan kaji a bayan ɗakinta. Akurkin da ta ce annoba ta share cike yake da jajayen kaji, sa'annin nawa, ga ƙwai an jera a kiret a gindin bango. Ita kuma garau, tana tankaɗen dusa. Na tsaya ina kallon kajin, na ga samiruna da tasoshina suna yawo da ƙafafu. Da na tambaye ta ko da kuɗina ta saye su, ba ta ko musa ba.

"Ƙawata, ke ba ki san wahalar masu ƙwai ba," in ji ta. "Da na ba ki su, da sun mutu a hannunki. In sun kankama zan riƙa aiko miki da ƙwai."

Na ce, "Kin san abin da Yaya ya ce a kan yarana."

Ta ci gaba da tankaɗenta ta ce, "Ai riƙo ba mutuwa ba ne."

Na fito ban san ta inda na bi na iso gida ba. Wani mai kaji da ya zo sayen zakarun nawa ya ƙarasa mini sauran, ya ce a wannan irin tun ranar ƙyanƙyasa ake bambancewa, ja mace, fari namiji, kuma fararen kusan gyara ake bayar da su ga wanda ya sayi jajaye da yawa. Ba ni da shaida, don daga ni sai ita aka yi. Da Yaya ya dawo na kwashe komai na faɗa masa. Ya jinjina kai ya yi mini jaje, sannan ya ce wadda aka yi wa haka a kan kaji, yaya za ta iya da yara uku? Na ji zafin maganar, shi kuwa ya sa ranar tafiya da yaran.

Ranar tafiyarsu da hantsi, muna ƙofar gida ana ɗaure kaya, sai ga aike daga Jakara: dafaffen ƙwai a kwano, wai guzurin yara. Na ɗaga kwanon zan watsar a kwata, sai na ga idon babban ɗana a kai. Wata huɗu yana wanke mazubin ruwa yana jiran ƙwan nan. Na ƙulle musu a leda na miƙa masa, na ce ya ci, nasa ne, da jeren uwarsa aka saye shi. Bai gane ba, ya dai yi murna.

Yau ina da sana'ata, kuma kiwon kajin ne, sai dai na koye shi bayan ya daina yi mini amfanin da na nema. Ta tsakiya ta dawo hannuna dab da aurenta. Babban kuwa can ya girma, matar Yaya yake kira Umma, ni in ya zo sai ya durƙusa ya ce Hajiya ina wuni. Abin da na koya shi ne, wanda ya san inda ke yi maka ciwo ya fi kowa sanin inda zai taka. 'Yan uwana mata, ku koyi sana'a tun mazanku na raye, kada ku jira ranar da za a ba ku wa'adi a kan 'ya'yanku. In za ku ba da amana, ku sa mutum na uku ya gani, kuma in tsohuwa ta leƙa ta yi magana, ku saurare ta. Ni kunyar tambaya ɗaya na ji, ita ce ta sa ɗan da na haifa yake gaishe ni kamar baƙuwa.