Na Sa Aka Kori Matar da Ta Rufa Mini Asiri

Malam Edita, bayan gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kabu-kabu ne a Wurno, ina jigilar mutane bisa babur zuwa Marnona da ƙauyukan kewaye, kuma mutum ne ni da ba ya yarda da kowa. Ba haka aka haife ni ba. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Rabah, mun baro shi bayan 'yan bindiga sun shigo mana bisa babura wata rana da la'asar, ina kasuwa. Maiɗakina da ɗiyarmu mai shekara shida cikin gonar dawa suka kwanta har maharan suka wuce. Daga baya aka gano wanda ya nuna musu gidajen masu shanu ɗan garinmu ne, mun sha cin tuwo kwano ɗaya da shi. Tun ranar, duk baƙon da ya yi mini tambaya biyu sai zuciyata ta ce ɗan rahoto ne.

Yarinyar ba ta koma yadda take ba. Da can surutunta har isar mutane yake, sai ga shi ta ɗauke wuta, ba ta magana da kowa. Ta koma fitsarin kwance. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na shigo gida sai ta ruga bayan randa ta maƙale tana kyarma. Na ɗauka iska ce ta taɓa ta, na yi ta karɓo rubutu wurin kawuna, wanda malami ne.

Ana haka wasu ma'aikata suka fara zuwa ƙaramin asibitin unguwarmu, aka ce masu duba yaran da tashin hankali ya gigita ne. Cikinsu akwai wata mata mai yawan shiru, Hausarta ba irin tamu ba, "me" take cewa inda muke cewa "mi". Takan shimfiɗa tabarma gindin dogonyaro, ta ba yara takarda da fensir masu launi, ta zauna tana kallonsu tana rubutu a wani littafi. Maiɗakina ta roƙe ni, na bar ta ta riƙa kai yarinyar, amma kullum ta dawo sai na titsiye ta da mi aka tambaya. Ta ce matar ta tambayi ta wace hanya suka gudu, da su wa ke gidan a ranar. Wata rana ta ce ta tambayi ƙarfe nawa nake dawowa daga aiki, da irin kayan da nake sawa. Ina ruwan mai maganin yara da lokacin dawowata? Bayan kwana biyu kuma na tsinci wani zane cikin kayan yarinyar: gida, babur a ƙofa, da mutum fuska a rufe. Na ce shi ke nan, taswira ake haɗawa da hannun 'ya'yanmu.

A tasharmu ta kabu-kabu na fara faɗa da safe. Kafin azahar magana ta gama unguwa, har an ƙara mata gishiri. Mai unguwa ya sa aka kira matar, 'yan sa-kai na tsaye da makamansu, aka ce ta karanta abin da ke cikin littafin kowa ya ji.

Ta ce, "Baba, abin da yaro ya faɗa mini amana ne. A bincika a asibiti ko ni wace ce, amma ba zan karanta ba."

Na daka mata tsawa, "In ba ki da laihi, mi kike ɓoyo? Karanta na ɗiyata!"

Ta dube ni, sannan ta mayar da littafin jaka. Da mai unguwa ya ga samari sun fara matsowa, sai ya sa dattawa biyu suka raka ta mota. Daga nan ma'aikatan suka mayar da aikinsu Goronyo. Ni kuwa har hannu aka riƙa ba ni, wai na ceci unguwa.

Sai da aka yi sati uku, yarinyar ta daina ko cin abinci in ina gida, sannan maiɗakina ta same ni tana kuka ta faɗa mini abin da tsoro ya hana ta faɗi. Tana zaune a wurin ranar da ɗiyarmu ta buɗe baki karon farko, ta nuna zanen ta ce Babanta na cikin waɗanda suka zo. Matar ta bi ta a hankali har ta gano dalili: ina dawowa bisa babur, fuska naɗe da rawani saboda ƙurar hanya, kamar yadda suka zo. A idon yarinyar ni da su mun zama ɗaya. Shi ya sa matar ta tambayi lokacina da tufafina, kuma ta nemi a kira ni mu zauna, maiɗakina ta kasa tunkarata da zancen. Maganar nan tana rubuce a shafin da na ce a karanta. Duk wanda ya san yankinmu ya san an ɗauki mutane a kan abin da bai kai wannan ba, ba su dawo ba. Ta zaɓi a kore ta da wulaƙanci da ta karanta shi gaban 'yan sa-kai.

Na je Goronyo na same ta, na kasa haɗa ido da ita. Ba ta ja zancen ba. Ta ce in riƙa kashe mashin tun daga bakin layi in turo shi, in kware fuskata, in yi sallama in kira sunan yarinyar kafin in shiga, kada kuma a matsa mata ta ba da labarin ranar. Kawuna ma ya ce addu'a da neman magani ba sa faɗa da juna. Muka riƙa kai yarinyar Goronyo a mota. Sai da damina ta wuce kafin ta yarda ta zauna kusa da ni. Yanzu tana zuwa makaranta, tana magana, ko da yake ƙarar babura da yawa na firgita ta har yau.

Na koma wurin mai unguwa da tasharmu na ce ƙarya na yi mata. Wasu sun yarda, wasu suka ce saye ni aka yi. Akwai yaran unguwarmu da iyayensu ba su da halin zuwa Goronyo, ina wuce su a bakin ƙofa suna zaune shiru, na san da hannuna a ciki.

Ban ce mu daina lura da baƙi ba, abin da muka gani ya isa ya koya mana. Amma 'yan'uwa, in kun yi zargi ku je ku tambaya, ku zauna da mai aikin ku ji dalilinsa kafin ku kai magana majalisa. Fitar da maganar bai ɗauke ni rabin yini ba, ga shi shekara biyu ina bin ta ban kamo ta ba. Allah ya yafe mini.