Depite a Cikin Rumbuna

Ɗan ƙanena ne, kuma ni na yaye shi. Shi ya sa ko da ya zama depite, wato ɗan majalisa, yana zuwa daga Yamai da mota mai baƙin gilashi, ban taɓa tashi tsaye dominsa ba.

A wurinmu dabba ba ta shiga gona sai an saki gonaki. Sai an girbe hatsi, an tsince wake, an ɗaure harawa, sannan mai gari ya sa a yi shela. Da zaɓe ya sake matsowa, yaron nan ya so ƙuri'ar Fulanin da ke bayan garinmu. Ranar kasuwar Gangara ya hau bayan mota da lasifika, ya ce musu ya gama magana da manya, gonaki sun saku. Ina wurin da daddawata. Na dubi manoma, babu wanda ya tafa. Ko rabin wake ba a tsince ba.

Washegari shanu suka shiga. Kafin azahar aka wuce da wani makiyayi a amalanken jaki, an sare masa kafaɗa da gatari, jini yana ɗiga ta tsakanin katako. Matarsa ce ke kawo mini nono. 'Yan'uwansa suka harbi wani manomi da kibiya a wuya. Da la'asar rugga tana ci da wuta.

Sai ga depite, wai ya zo sasantawa. Samari suka tare motar a bakin gari, suka yi mata ruwan duwatsu. Ya faɗo gidana ba takalmi, goshi a fashe.

"Gwaggo, za su kashe ni!"

"To, tabarma kake jira in shimfiɗa maka? Hau rumbu."

Na tura shi ciki, na jawo murfi, na zauna a kan turmi da taɓarya a hannu. Wanda ya shigo gaban samarin ƙanen manomin da aka harba ne, riƙe da adda. Tun yana goye na san shi.

"Iya, fito mana da shi."

"Yana cikin rumbun nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ta kaina za ka bi."

Ya kai sara. Na tare da taɓarya, addar ta zame ta ɗauke mini yatsu biyu. Suka faɗi cikin dusa, kaza ta zo tana leƙe. Ban yi kuka ba. Na ɗaga hannun na nuna musu, ɗaya bayan ɗaya. Suka fita da baya. Jandarma sun iso sun tarar ba kowa a ƙofa.

Manomin da aka harba bai kwana da rai ba. Fulanin suka tashi, ban ƙara ganin mai nonona ba. Yaron bai sake tsayawa takara ba. Yanzu taki yake saidawa a Maraɗi. Yakan zo gaishe ni da salla, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Ina da hannu mai lafiya, amma da wancan nake miƙa masa ruwa.