Karen Alhaji ya cinye maganin Hajiya

Jama'a, yau na ga iyayi da idona!

Na kai akuyata wurin likitan dabbobi, yunwar farin nan ta kayar da ita. Sai ga wani Alhaji ya tsallake layi, rungume da kare! Wai karen ya cinye ƙwayoyin gyaran hanji na Hajiyarsa.

Na ce, "Alhaji, layi fa?"

Ya ce, "Baiwar Allah, kin san sojojin da nake cin abinci da su?"

Likita ya karanta kwalin, ya ce, "Wannan ba guba ba ne, iyakarsa zawo."

Bai rufe baki ba kare ya saki a babbar rigar Alhaji. Har aljihu!

Sai ga Alhaji, mutumin sojoji, yana roƙonmu ruwa. Kowa ya kau da kai!