Makullin Yayana a Cikin Kwamfuta

Kwamfutar shagonmu na Gummi yayana ne ya haɗa ta, kuma mutum ne mai shegen tsantseni. Ya kunna mata tsaron tashi, wato ba za ta buɗe wata manhaja ba sai wadda ta san sa hannunta. Bai tsaya nan ba, ya goge makullan kamfani ya zuba nasa. Babban makullin kuwa yana cikin ɗan filas ɗin kwamfuta da ke rataye a wuyansa kamar laya. Da shi ya hau mota zuwa Anka wata safiya, aka tare hanya, har yau babu labari.

Ni na gaji shagon. Duk Juma'a Inna kan biyo ta nan ta ce in kunna mata. Ba ta karatun boko. Baƙin allon nan kawai take kallo, fararen rubutu na gudu, ta gyaɗa kai ta tafi.

Sai aikin ɗaukar hoton yatsa ya samu, wanda zai riƙe gidan. Manhajarsa ta kafe sai da tsaron tashi, kuma sai kan tsarin kamfani, wanda kwamfutar yayana ba ta yarda da shi ba. Na kashe tsaron, manhaja ta ƙi. Na kunna, kwamfuta ta ƙi. Wani mai gyara ya ce ƙila a iya haɗa makullan biyu, ya yi ta latse-latse har janareto ya shanye mai, ya share gumi ya ce in mayar da na kamfani kawai.

Na yi makonni ina shiga shafin da ake goge makullansa a mayar da na kamfani, ina fita. Wallahi na gaji. Na gaji da kwamfutar, na gaji da shi kansa, mutumin da ko ba ya nan sai an nemi izininsa. Ran nan na danna. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Ko minti ba a yi ba.

Juma'a Inna ta zo, na kunna, allo ya fito shuɗi tas. Ta daɗe tana dubawa.

"Wanga ba nashi na ba," ta ce.

Na fara yi mata bayanin makullai. Ta ɗaga hannu.

"Bari, ɗan nan. Kai ma ka aje jira ke nan. Saura ni ɗai."