Igiyar Baba Ɗanladi Mai Hoto

Duk wanda ya tashi tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni, ka ce ya nuna maka hoton katin makarantarsa, za ka ga fuska kamar an tsoma ta a kunu. Aikin Baba Ɗanladi Mai Hoto ke nan. Ni Anas, mai teburin cajin waya a ƙofar shagonsa, sau uku ana dawo mini da takardar neman aiki saboda hotonsa. Na ukun, ma'aikacin ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce in je in turo mai hoton ya zo da kansa. Don haka in kun ji ina yi wa dattijo rashin kunya a rubutun nan, da dalilina.

A Tarauni aka haife shi. Ubansa ya fara kai shi koyon gyaran agogo, ya kashe agogo biyu masu rai, aka koro shi. Daga nan ya faɗa hannun Baba Ayuba, wani mai hoto ɗan Kudancin Kaduna, wanda ya yi haƙuri da shi shekara tara. Ranar da zai yaye shi sai ya ba shi igiyar auduga mai ƙulli ɗaya a baki, tsawonta ƙafa shida cif. Ka ɗaura ta a ƙafar kyamara, ka ja har ƙullin ya taɓa hancin mutum, ka saita gilashin kyamara a kan shida, ka danna. Hoto ya fito tar.

Da ya buɗe nasa shagon a Gyadi-Gyadi a 1992, ya saita gilashin a kan shida, ya naɗe shi da salatif, bai sake taɓawa ba. Ko da ya sayi kyamarar zamani mai saita kanta, kashe wannan wurin ya yi, ya sake naɗa salatif, wai inji ba zai koya masa aiki ba. Amare, direbobi, malaman makaranta, alhazai masu neman fasfo, babu hancin da ƙullin nan bai sumbata ba. Har ya yi baƙi ƙirin da maiƙon fuskar unguwa.

Waya ta zo ta kwashe masa ciniki. Abin da ya rage masa guda ɗaya ne: sunan da ya yi na mutumin da awonsa ba ya kuskure. Da shi yake cin majalisa kullum bayan la'asar.

"Ku dangwale kuke yi da wayoyinku," in ji shi. "Ni haske nake aunawa."

In ka koma ka ce hotonka ya yi dishi-dishi, sai ya ɗaga shi sama, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Haka fuskarka take, yaro. Kyamara ba ta ƙarya." Mutane kuwa suka haƙura. Mu da ke zaune kusa mun san akwai wata a ƙasa. Mutumin da ya taɓa yi wa turken lantarki sallama, ya taɓa tambayar matarsa Inna Jummai ko hoton fasfo Hajiya take so. Amma ka ce masa tabarau, sai ya tashi da faɗa. Mai hoto da tabarau, in ji shi, an gama da shi.

Bara da damina sai ga Hope, jikar marigayi Baba Ayuba, da wani akwati a hannu. Tana digiri na biyu a kan ilimin haske, tana neman ɗaki mai baƙin labule da fitilar da ba ta rawa, don ta gwada kyamarar da take bincike a kai. Baba Ɗanladi ya kusa shimfiɗa mata babbar rigarsa ta taka.

Ni aji biyar na bar makaranta, ban gama sakandare ba, amma na gane bayaninta. Ta ce kyamarar da muka sani tana ajiye yawan hasken da ya shigo ne kawai. Tata kuwa, a bayan babban gilashin akwai ƙananan gilasai dubbai, kamar idon ƙuda, kowanne yana leƙe ta nasa gefen. Don haka tana ajiye har inda kowane haske ya ɓullo. Sai an gama ɗauka ka zauna ka zaɓi abin da zai fito tar, na gaba ko na baya, kuma ta faɗa maka nisan kowane abu.

"Ai na daɗe da sanin wannan," in ji Baba. "Lokaci ne ban samu ba."

Gwajin mai sauƙi ne: a ajiye abu a nisan da aka sani, a ga ko inji zai faɗi daidai. Hope ta ciro tef ɗin awo daga jaka. Baba ya ɗaga hannu.

"Mayar da shi, 'yar nan. Igiyar kakanki ce wannan, da hannunsa ya auna ta."

Ta dubi igiyar, ta mayar da tef. Aka ce ana son fuskar mutum, Baba ya leƙo ya ce, "Kai Anas, shigo da wannan hancin naka, ko daga unguwar Darmanawa inji zai hango shi."

Na zauna, ƙulli ya hau hancina yana warin shekara talatin. Ta danna. Kwamfuta ta ce ƙafa shida da inci bakwai. Ta sake, haka. Ta kwance kyamarar, ta goge, ta haɗa, haka dai.

"Injinki zazzaɓi yake yi," in ji Baba. Da la'asar ya shelanta wa majalisa cewa jami'a ta aiko masa da inji ya gyara mata, ya kuma kama shi da ƙarya tun ranar farko.

Kwana tara ana wannan abu. Mabuɗi na aljihunsa, ba ya barin kowa da igiyar. Rana ta tara Hope ta kawo wayarta caji, ta zauna a bencina ta yi tagumi.

"Anas, tun rana ta biyu na gane," ta ce. "Na gwada injin a gida, ƙalau yake. Amma ta yaya zan auna igiyar dattijo a gabansa? Kuma ta kakana. In na kwashe kayana na tafi, zai ce na raina shi."

Na ce, "Ke ce mai kunya. Ni tawa tun ina firamare ta ɓata."

Washegari da la'asar, majalisa ta cika, na ari tef ɗin ƙarfe wajen Yusuf kafinta, na ce ya biyo ni ya zama shaida. Na shiga, na kama igiyar, na miƙe ta har bakin ƙofa inda kowa ke gani. Yusuf ya duƙa ya karanta: shida da inci bakwai.

"Tef ɗin nan na jabu ne," in ji Baba.

"Haba Baba," in ji Yusuf. "Da shi na yi maka ƙofar nan, ga ta tana rufuwa."

Inna Jummai ta kawo masa kwanon fura, tana tsaye tana saurare. Sai ta ce, "Wai wace igiya ake ta magana? Wannan da nake shanya a kai duk Juma'a in Malam ya tafi masallaci? Ai tana da ƙwari. Har ragon layya mun ɗaure da ita sau biyu."

Wani direba ya yi dariya har hularsa ta faɗa kwata. Hope ta so ta rufa masa asiri. Ta jawo kwamfuta, ta ce ai laifin auduga ne, ba na Baba ba. Ta buɗe hotona gida biyu: ɗaya an saita shi a ƙafa shida, ina ciki kamar aljani a hayaƙi, ɗaya a shida da bakwai, har ƙurajen goshina ana ƙirgawa.

"Baba, kai ne masani," ta ce. "Nuna musu wanda ya fito."

Ya sunkuya har gemunsa ya taɓa kwamfutar. Ya daɗe. Sannan ya ɗora yatsa a kan aljanin.

Babu wanda ya yi dariya. Ni ma sai na tsinci kaina ina naɗe tef ɗin Yusuf a hankali.

Kwana huɗu shagon na rufe. Da ya buɗe, akwai sabon ƙulli a jikin igiyar, inci bakwai kafin tsohon, akwai kuma wani abu da ya kumbura masa aljihun gaba. Na leƙa ta gefen labule na gan shi da tabarau a fuska, yana tsaye gaban allon da yake liƙa hotunan talla, aikin shekara da shekaru. Ya daɗe yana kallo. Sai ya fara ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya yana kifewa a kan tebur.

Hope ta gama bincikenta da tef na gaskiya, ta aiko da shafin godiya mai sunansa. Ya sa shi a firam, yana gaya wa baƙi shi ya gano kuskuren. 'Yan unguwa kuwa, har masu Keke Napep, in za su yi kwatance sai su ce a sauke su shagon Baba Inci Bakwai. Yana ji, yana yi kamar bai ji ba.

Ya kira ni ya ɗauke ni hoto kyauta, sai dai ya danna sabon ƙullin a hancina fiye da yadda aiki ke buƙata. Hoton ya fito tar. Na kai shi ofishin nan, ma'aikacin ya duba ya ce, "Yawwa, yanzu kam kai ne." Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar gama sakandare.