Fentin da ya bi leda

Ina tsaye gaban Malam Sani mai fentin keke napep a Kaura, riƙe da bodin motar wasa mai rimot. Ƙanena ne ya aiko min da motar, bodin na roba garau kamar gilashi, wai in zaɓi kala kafin tserenmu ranar Asabar.

Malam Sani ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, wagga mota taka ta ko ta ɗiyanka?"

Na ce tawa ce. Bai sake tambaya ba.

Ni ina son ja, shi ya dage sai ruwan ɗorawa. Da ƙyar na yi nasara. Ya fesa, ya yi kyau.

A gida na ga gefe ya ɗan ɗago, na ja. Ashe akwai siririyar leda a jikinsa. Duk fentin ya biyo ta, bodin ya koma garau.

Na kira ƙanena. Ya ce, "Yaya, ai ta ciki ake fesawa."

Ta ciki kuma? Har yanzu ban gane ba. Jama'a, cikinku wa zai raka ni in faɗa wa Malam Sani leda muka yi wa ado?